Mutuwa Goma Sha Bakwai

Na mutu sau goma sha bakwai,
ga ni kuma a ƙofar gida a Jahun
ina ɓare gyaɗa.

Ta farko a makaranta ce.
Tebura shida aka haɗa, aka rufa musu bargo,
gemun auduga manne da ƙaro,
fitilar ƙwai biyu tana hayaƙi.
Na dafe ƙirji na faɗi, ƙafar tebur ta karye,
gawa ta ce wash!
Zauren ya ɗauka, har hedimasta na share ƙwalla.
A daren na san inda aka ajiye mini abinci.

Baba ya ce, jikan liman da wasan 'yan kama?
Wata uku ina durƙusawa
yana duban carbi.

Sai gidan talabijin.
Ɗaki ba taga, fitilu kamar bakin tanda,
kyamara ɗaya tal, Hammayo ke riƙe da ita.
In wuta ta ɗauke mu fita gindin darbejiya
mu ci gaba da hadda kamar masu tilawa.
Shekara tara ina Akawu Ci-da-Biro,
mai lashe gadon marayu duk daren Laraba.
Wata safiya a Wunti
tsohuwa ta janye kwanon masarta,
ta ce ba ta sayar wa azzalumi.
Na juya da yunwata, ina tafe ina murmushi.
Har yau ba a ba ni lambar yabo kamar wannan ba.

Zamanin kaset ya zo da yara masu gaggawa.
Baba, ga riga, ta aro ce, kada ta ga miya.
A zaunar da ni bayan mota mai sanyi,
in daka wa direba tsawa,
in yi kyautar miliyan da yankakkun jaridu,
da magariba in tuɓe shadda,
in tsaya bakin titin Yalwa
ni da ɗan acaɓa muna ja-in-ja kan naira ashirin.
Sallama fa? Sai kaya sun shiga kasuwa.
Kaya suka shiga, aka gan ni har Agadas,
kuɗin ne dai ba su gane hanyar Jahun ba.

A wurinsu na ƙware.
Hawan jini, guba a fura, haɗari a hanyar Alkaleri.
Da farko da albasa a aljihu,
daga baya ko ita ban nema.

Ranar da Lantana ta cika
hannunta na cikin nawa, ruwan da aka ɗaura bai kai rabi ba.
Na buɗe baki, kuka ya fito tsaf,
da hawansa da saukarsa,
sai na gane shi: na fim ɗin bara ne.
Kunya ta kama ni, na haɗiye.
Jama'a suka ce, kai, Malam Barau akwai tawakkali.

Nawa sai bayan arba'in ya iso.
Na je ɗiban ruwa, na ga silifanta ƙafa ɗaya bayan randa.
Wani irin gurnani ne, ba tsari, ba daɗin ji,
wanda ko wane darakta zai ce a sake.
Ba a sake ba.

Jiya jikata ta miƙo mini waya.
Ga wani mai baƙin gashi yana lasar biro.
Kaka, kai ne wannan mugun?
Na daɗe ina dubansa.
Na ce, mun dai yi aiki tare.

Gobe ƙarfe bakwai, Gwallameji.
Uban jarumi ne ni, layi uku, sai likkafani.
Na ce su nemo yadi mai kauri,
don na bara sauro ya same ni ta cikinsa,
ita kuwa gawa ba ta susa.